Yadda Za Ka Hango Galaksin Sculptor Ka Ɗauki Hotonta Daga Gaɓar Tekun Legas

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan arewa ya san yadda sama take cika maƙil da taurari a daren da babu farin wata. Ni ma da wannan idon na zo Legas, na kuma yi shekaru a Agege ina ɗaga kai ba na ganin komai sai wani jan haske da ya lulluɓe gari, da 'yan taurarin da ba su wuce ka ƙirga da yatsu ba. Da na sayi madubin hangen nesa, kowa ya ce mini na yi asarar kuɗi, wai Legas ba garin kallon sama ba ne. Rabin maganarsu gaskiya ce. Amma Legas tana da wani abu da Kano da Kaduna ba su da shi: kudu da ita babu gari, babu fitilun titi, sai Tekun Atlantika. In ka tsaya a bakin teku ka juya wa gari baya, rabin samanka ya yi duhu. A kan wannan na gina duk abin da zan faɗa a nan.

Da farko, me muke nema? Galaksi wani ƙaton taron taurari ne, biliyoyinsu, da ƙura da iskar gas, duk suna kewaya cibiya ɗaya. Ranarmu ma tauraro ɗaya ce a cikin irin wannan taro. Wasu galaksin suna da siffar faifai: tsakiya mai kauri, sannan hannaye da suka naɗo kewaye da ita kamar yadda mai saƙa take fara faifai daga cibiya tana zagayowa. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Andromeda, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5, wadda masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya ambata a littafinsa a shekarar 964 a matsayin ɗan ƙaramin gajimare. Sai dai daga bakin tekun Legas Andromeda tana arewa, wato daidai bisa hasken gari. Wadda na zaɓa mana tana kudu, bisa ruwa. Lambarta NGC 253, ana kiranta galaksin Sculptor saboda yankin saman da take ciki. Masaniyar taurari Caroline Herschel ce ta gano ta a 1783 daga Ingila, inda da ƙyar take ɗagowa daga gefen sama. Mu a nan tana hawa har kusan digiri 58 daga gefen sama, inda tsakar ka take digiri 90. Nisanta ya kai tafiyar haske ta shekara miliyan 11 da 'yan kai, kuma haske yana cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Faifan nata ya karkace mana sosai, shi ya sa ake ganinta doguwa siririya.

Zaɓen dare

Nan ne aka fi yin asara, don haka zan daɗe a kai. Abu uku ne za ka lura da su: wata, gajimare, da hazo.

Na wata ya fi sauƙi ga wanda ke bin kwanan watan Musulunci. Daga wajen 22 ga wata zuwa 3 ga sabon wata, farkon dare duhu ne, ko dai wata bai fito ba tukuna ko kuma jinjiri ne da zai faɗi da wuri. Daga 8 zuwa 18 kada ma ka wahalar da kanka, farin wata yana shanye galaksi fiye da yadda fitilun Ikeja za su yi.

Gajimare kuwa shi ne halin Legas. Damina tana ja har cikin Oktoba, sannan hazon hunturu ya iso daga wajen Disamba. Tsakanin biyun akwai 'yar taga, yawanci a Nuwamba zuwa farkon Disamba, lokacin da ruwa ya wanke iska kuma ƙurar Sahara ba ta sauko sosai ba. Allah ya sa a daidai wannan lokacin ne galaksin Sculptor take kaiwa ƙololuwarta, wato iyakar hawanta a sama, da wuri: a tsakiyar Nuwamba wajen ƙarfe 10 na dare, a farkon Disamba wajen ƙarfe 9. Kowane wata tana rigan lokacinta na baya da awa biyu. Awa biyu kafin ƙololuwa da awa biyu bayanta su ne lokacin aiki.

Ina duba manhajar Windy don ganin hasashen gajimare, amma na fi yarda da idona da la'asar. In sama ta yi shuɗi sosai kuma rana ta ci gaba da kashe ido har ta kusa faɗuwa, daren zai yi kyau. In rana ta zama jan faranti da za ka iya kallo tun ƙarfe biyar da rabi, akwai ƙura ko tururi a sama, kuma su ne ke kama hasken gari su watsa shi ko'ina. A irin wannan daren za ka ga manyan taurari, ka ɗauka sama a buɗe take, amma galaksi ba za ta fito ba. Ka sa a ranka cewa cikin fita uku, ɗaya ce za ta biya.

Wurin tsayawa

Kana bukatar wurin da kudu yake a buɗe kuma babu fitila a gabanka. Gaɓar da ke wajen Badagry ta yamma, ko ta bayan Ajah zuwa Eleko ta gabas, duk suna yi. Ta gabas ɗin, in ka matsa da yawa za ka shiga hasken matatar mai da tashar jiragen ruwa da ke Ibeju-Lekki. Kusa da mashigar Apapa kuma jiragen ruwa da ke jiran layi a kan teku suna kunna fitilu duk dare. Ka je wurin da rana tukuna ka gani da idonka.

Kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka sauka a bakin teku da dare babu wanda ya san da zuwanka. Ni nakan kama ɗaki a masaukin da ke da shinge da masu gadi, in gaya musu tun da rana abin da zan yi, in nuna musu kayan. Dogon bututu a kan ƙafafu uku cikin duhu yana iya tsorata wanda bai san shi ba. Sannan ka nemi ƙasa mai tauri, nesa da inda igiyar ruwa ke fesowa. In dole sai a kan yashi, ka tafi da guntayen katako uku ka sa a ƙarƙashin ƙafafun, in ba haka ba za su riƙa nutsewa a hankali ba ka sani ba.

Nemo ta a sama

Bayan sallar Isha'i duhu ya gama kankama. Ka ɗaga kai kusan tsakar ka, ɗan arewa kaɗan, za ka ga taurari huɗu da suka yi babbar murabba'i. Ita ce murabba'in Pegasus. Ka ɗauki gefenta na gabas, taurari biyun nan, ka ja layi daga na arewa ta kan na kudu ka ci gaba da gangarowa wajen teku. Za ka tarar da wani tauraro mai ɗan ruwan lemo shi kaɗai a fili. Sunansa Diphda, daga kalmar Larabci mai nufin kwaɗo. In ka yi haka da gefen yamma za ka faɗa kan Fomalhaut, wanda ya fi shi haske, sunansa shi ma daga Larabci, bakin kifi. Kada ka rikita su: namu shi ne na gabas, wanda yake hannun hagu in kana fuskantar teku.

Daga Diphda galaksin tana kudu da kimanin digiri 7. In ka miƙe hannu ka dunƙule, faɗin dunƙulen ya kai digiri 10, to ka rage kaɗan. Da madubin hannu mai ido biyu, irin 10x50, ka sa Diphda a saman filin da kake gani, ka gangaro, za ka wuce wasu ƙananan taurari da suka yi siffar kusurwa uku, sai ka ga wani ɗan zane mai toka-toka a kwance a karkace. Ita ce. Ƙasa da ita kaɗan ta kudu maso gabas akwai wani ɗan dunƙulen haske zagayayye, NGC 288, wanda tarin taurari ne na cikin galaksinmu. In abin da ka samu zagayayye ne, ka wuce wurin, ka koma sama. Manhajar Stellarium za ta nuna maka duk wannan, amma ka mayar da fuskar wayar ja ka rage haskenta har ƙasa.

Kallo da ido

Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kuma leƙa saƙo ɗaya a farar fuskar waya yana rushe wannan duka. Ka liƙa jar leda a bakin tocila.

Madubina mai faɗin baki milimita 200 ne, irin wanda ake kira Dobsonian, ana tura shi da hannu. Ƙarfin kusantarwa ana samunsa ne in an raba tsawon fokas ɗin madubi da na gilashin leƙawa: nawa milimita 1200 ne, in na sa gilashi mai milimita 25 sai ya ba ni ninki 48. Da wannan za ka fara. Sabon shiga yakan yi saurin sa gilashi mafi ƙarfi, sai fili ya ƙuntata, hasken ya dusashe, ya rasa ta gaba ɗaya. Tsawon galaksin a sama ya kusa faɗin cikakken wata, tana son fili.

Ga dabarar da ta fi kowace: kada ka kafa mata ido kai tsaye. Tsakiyar idon mutum an yi ta ne don rana da launi, gefensa ne ke jin haske mai rauni. Ka kalli ɗan gefe, ka bar hankalinka a kanta, za ka ga ta ƙara tsawo. Ka ɗan taɓa bututun ya girgiza, ido yana saurin kama abin da ke motsi. Ka rufe kanka da baƙin mayafi, ka zauna a kujera, ka yi numfashi a natse. Bayan minti goma za ka fara lura cewa hasken ba sumul yake ba, yana da dabbare-dabbare. Ƙurar da ke cikin galaksin ce, domin tana cikin waɗanda ke haihuwar sabbin taurari da gaggawa a cibiyarsu. Launi dai ba za ka gani ba, wannan sai kyamara.

A wani dare a wajen Badagry mai gadin masaukin, dattijo ɗan Sakkwato, ya zo ya tsaya a bayana ya daɗe bai ce komai ba. Na ce, “Baba, bismillah, zo ka leƙa.” Ya cire hula ya sunkuya, ya ce bai ga komai ba. Na ce ya kalli gefe kamar mai satar kallo. Ya yi shiru, can ya ce, “Ɗana, kamar an shafa toka da yatsa.” Na gaya masa cewa hasken da ya shiga idonsa yanzu ya fi shekara miliyan 11 a hanya. Ya miƙe ya yi tasbihi, ya sake sunkuyawa, kuma sai da na ƙara saita masa sau uku, don sama tana tafiya tana fitar da ita daga fili.

Ɗaukar hoto

Wannan tafiyar ta sama ita ce babbar matsalar mai hoto. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, kuma galaksi tana bukatar kyamara ta buɗe ido na dogon lokaci. Dobsonian na turawa da hannu ba zai yi wannan aikin ba. Hanya biyu ce.

Ta farko ita ce ƙaramin madubi mai kwamfuta a ciki, irin Seestar S50, mai baki milimita 50 da tsawon fokas 250. Ka daidaita shi ya zauna daram, ka haɗa da waya, ka rubuta NGC 253, shi zai nemo ta ya riƙa ɗaukar hotuna na daƙiƙa 10 yana tara su. Galaksin tana shiga filinsa cif. Abin lura ɗaya: mazauninsa, wato abin da ke ɗauke da madubin yana juya shi, yana bin sama ne ta hagu da dama, sama da ƙasa, don haka hoton yana juyawa a hankali, kuma a kusa da layin ikwaita da ya raba duniya kudu da arewa, inda muke, juyawar ta fi sauri. Kusurwoyin hoton za su lalace, sai ka yanke su. Ka tabbata galaksin tana tsakiya.

Ta biyu ita ce mazauni mai inji wanda ake jera sandarsa da sandar juyawar duniya, a ɗora masa kyamara da madubi mai baki kamar milimita 80 da tsawon fokas 400 zuwa 500. Hotonsa ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma a Legas yana da wahalar da littattafan Turai ba sa ambata. Su suna saita shi da tauraron arewa, wanda tsayinsa a sama daidai yake da nisan wuri daga layin ikwaita in an auna da digiri. A Legas digiri 6 da rabi ne kacal, a cikin hazo da rufin gidaje, a kan hasken gari. Kusan ba na taɓa ganinsa. Abin da nake yi shi ne in fuskantar da mazaunin arewa da kamfas, in sa ma'aunin tsayinsa a 6 da rabi, sannan in bar manhajar NINA ta gyara sauran. Tana da hanyar da take ɗaukar hoto a wurare uku na sama ta lissafa kuskuren, ba ta bukatar tauraron arewa. Kafin ka sayi mazauni ka tambaya ko yana sauka ƙasa da digiri 10, domin a wasu ƙarfen da ke daidaita nauyin madubi yana bugun ƙafar mazaunin, sai an ƙara masa wuya.

Sai fokas. Ka nufi Diphda, ka ƙara girman hoton a fuskar kyamara har ƙarshe, ka murɗa a hankali har tauraron ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta. Akwai wani murfi mai tsage-tsage da ake kira Bahtinov, yana mayar da tauraro layuka uku, in na tsakiya ya zauna daidai tsakanin biyun to fokas ya yi. Ka sake dubawa bayan kowace awa.

Ka sa kyamara a RAW, wato ta ajiye hoton ɗanye ba ta sarrafa shi ba, ka sa ISO, ma'aunin ƙara hasken hoto, a 800 ko 1600, daƙiƙa 30 zuwa 60 kowane hoto. Ka ɗauki ɗaya ka duba: in taurari sun zama 'yan sanduna, ka rage daƙiƙu ko ka gyara saitin mazauni. In bangon ya yi fari, hasken gari ya yi yawa, ka rage. Hoto ɗaya zai ba ka kunya, ɗan zane ne a cikin dusa-dusa. Sirrin yana cikin yawa. In ka ninka adadin hotuna sau huɗu, tsabtar sakamakon tana ninkuwa sau biyu. Ka nemi jimillar awa ɗaya aƙalla, awa biyu in gajimare ya bari. Kada ka kashe kuɗi a kan matatan hasken da ake sayarwa don gajimaren gas na sama, domin hasken galaksi na taurari ne mai kowane launi, matatar za ta yanke shi tare da na fitilun.

Raɓa ce ta cinye mini daren farko. Na saita komai, na koma na zauna ina jin ƙarar teku, bayan awa guda na duba na tarar taurari sun kumbura sun yi lullumi. Na haska bakin madubin, ya jiƙe sharkaf kamar gilashin mota da asuba. Hotuna goma sha biyu na farko kawai suka tsira, kuma na jira wata guda kafin in sami wani daren. Tun daga ranar ba na fita sai da ɗamarar ɗumama gilashi da ake jona wa fawa banki, ina kunna ta tun kafin duhu. In raɓa ta riga ta sauka kada ka goge da tsumma, akwai gishiri da yashi a cikinta, za ka karce gilashin.

Kafin ka naɗe kaya akwai hotuna iri biyu na gyara. Ka rufe bakin madubi ka ɗauki 20 da daƙiƙu da ISO iri ɗaya da na galaksin, waɗannan suna kama ɗigon da zafin kyamara ke haifarwa, kuma a zafin Legas suna da yawa. Sannan ba tare da ka taɓa fokas ko ka juya kyamara ba, ka shimfiɗa farar riga a bakin, ka haska ta da farar fuskar waya ko ka jira wayewar gari, ka ɗauki wasu 20 masu matsakaicin haske. Su ne ke cire inuwar ƙura da duhun kusurwoyi.

A gida

Manhajojin haɗa hotuna, Siril da DeepSkyStacker, duk kyauta ne. Ka fara zubar da hotunan da gajimare ko girgiza ta ɓata, ba tausayi. Manhajar za ta jera sauran tauraro a kan tauraro ta haɗe su. Abin da zai fito zai yi kama da baƙin allo, kada gabanka ya faɗi, hasken yana ciki a dunƙule. A Siril ka fara yanke gefuna, ka cire bambancin hasken bango, wanda a hotunan Legas kullum ya fi yawa ta ɓangaren gari, ka daidaita launi da taurari, sannan ka ja hasken sama kaɗan-kaɗan. Ka tsaya tun bango yana toka mai duhu. In ka mayar da shi baƙi ƙirin, ka yanke gefunan galaksin masu rauni waɗanda ka kwana kana tarawa. A hoton awa biyu za ka ga cibiya mai ruwan ƙwai, da zaren ƙura masu ruwan ƙasa sun ratsa faifan, da ɗan shuɗi-shuɗi a hannaye inda sabbin taurari suke.

Kayan kuma, da ka dawo ka buɗe su su sha iska a ɗaki kafin ka rufe, ka goge ƙarafan da ɗanyen tsumma saboda gishiri, ka ajiye gilasai a roba mai murfi tare da ƙullin sinadarin shanye danshi, irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi. Danshin Legas yana sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi, kuma in ta ci fatar gilashin ba ta gyaruwa.

In hazo ya rufe Disamba ka rasa Sculptor, akwai wata galaksin a kudu, M83, mai nisan tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 15, wadda masanin taurari Lacaille ya gano daga Afirka ta Kudu a 1752. Ita fuskarta take ba mu gaba ɗaya, faifai a buɗe, hannayenta suna fitowa sarai a hoto. A tsakiyar Maris tana kaiwa ƙololuwa wajen ƙarfe 3 na dare, bisa tekun nan dai, kafin damina ta kankama. Na riga na yi magana da Baba mai gadi ya riƙe mini ɗakin da ke fuskantar ruwa.